Ƙananan Kamfanonin Ɗab'i da Ƙagaggen Labarin Kimiyya Mai Jigon Sha'awa a Amurka da Birtaniya, 1952 zuwa 2021

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda aka riƙa rubutawa da buga ƙagaggen labarin kimiyya mai jigon sha'awa a Amurka da Birtaniya, tun daga mujallu masu araha na shekarun 1950 har zuwa zamanin littafin na'ura. An zaɓi kamfanoni uku domin nazari, wato Essex House da Savoy Books da Circlet Press. Maƙalar ta nuna cewa wannan reshe na adabi ya rayu ne a hannun ƙananan kamfanoni saboda manyan kasuwanni biyu da ya kamata su karɓe shi sun juya masa baya. Haka kuma ta nuna cewa ikon hana littafi isa ga mai karatu ya tashi sannu a hankali daga hannun edita da alƙali, ya koma hannun dillalin littattafai da kamfanin biyan kuɗi da kantin intanet.

1.0 Gabatarwa

Manazartan adabi sun fi mayar da hankali ga matani, wato jigo da zubi da salo, bisa ga hanyar da matanin ya bi kafin ya isa hannun mai karatu. Sai dai akwai nau'o'in rubutu da ba za a fahimci siffarsu ba sai an san wanda ya yarda ya buga su, da wanda ya ƙi, da kuma dalilin kowannensu. Ƙagaggen labarin kimiyya mai jigon sha'awa yana cikin irin waɗannan. Shekaru da dama marubucinsa ya kasance cikin halin gaba kura baya siyaki. Idan ya kai rubutunsa wa editan labaran kimiyya, sai a ce masa batun jima'i ya yi yawa. Idan ya kai wa mai buga labaran sha'awa, sai a ce masa masu sayen littattafansu ba su da lokacin jiragen sararin samaniya da baƙin halittu. Wannan giɓi ne ƙananan kamfanonin ɗab'i suka zauna a cikinsa, kuma yadda suka zauna shi ne abin da za a duba.

2.0 Waiwaye a Kan Kalmomi

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga manazarcin adabin Hausa. Littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya (1969), wanda yaro Kilba ya yi tafiya zuwa sararin samaniya a cikinsa, shi ne misalin da aka fi kawowa. A fagen ra'i kuwa, Darko Suvin (1979) ya bayyana cewa ƙashin bayan wannan nau'i shi ne wani sabon abu guda da marubuci ke shigarwa cikin duniyar labari, na'ura ce ko halitta ko tsarin zamantakewa, wanda hankali zai iya bin diddiginsa, kuma wanda ke sa mai karatu ya kalli abin da ya saba gani kamar bai taɓa ganin sa ba.

Kalma ta biyu ita ce mai wuya. A wannan maƙala an bambanta batsa da adabin sha'awa. Batsa ita ce rubutun da ba shi da wata manufa illa motsa jiki, wanda za a iya sauya sunayen taurarinsa da wurarensa ba tare da an rasa komai ba. Adabin sha'awa kuwa shi ne wanda kusantar jiki ke cikin ginin labarin, tana bayyana halin tauraro ko tana juya akalar zubi. Dole a amince cewa wannan iyaka ba ta tsaya wuri ɗaya ba, domin abin da wani edita ya kira adabi shi ne wani ɗan sanda ya kira batsa, kuma tarihin da ke tafe cike yake da irin wannan saɓani. Duk da haka bambancin yana da amfani, saboda a kansa ne editocin ƙananan kamfanoni suka kafa hujjar wanzuwarsu.

3.0 Farmer da Ƙofar da Aka Rufe

A shekarun 1940 da farkon 1950 mujallu ne kasuwar ƙagaggen labarin kimiyya a Amurka. Bangonsu yakan ɗauki hoton mace cikin sutura kaɗan a hannun wani dodo, amma cikinsu tsaf yake, babu ko alamar abin da bangon ya yi alkawari. Editoci sun ɗauka cewa samari matasa ne akasarin masu karatu, ga kuma hukumar gidan waya da ke da ikon hana aika duk abin da ta ga batsa ne.

A wannan yanayi Philip José Farmer ya rubuta The Lovers. John W. Campbell na mujallar Astounding ya ƙi karɓar sa, H. L. Gold na mujallar Galaxy ma ya ƙi, sai Samuel Mines ya buga shi a Startling Stories a shekarar 1952. Labarin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya ƙunshi ƙa'idar da masu zuwa daga baya suka bi. Tauraronsa, Hal Yarrow, ya fito daga wata daula mai tsananin takura ta addini, ya isa wata duniya, ya ƙaunaci wata mai suna Jeannette. Bai san cewa ita ba 'yar Adam ba ce. Halitta ce dangin ƙwari da ta ɗauki kamar mace. Tana shan wani abin sha mai sa maye, shi kuma don yana son ta, sai ya riƙa sauya mata shi a ɓoye da wani marar maye. Ashe wannan abin sha ne ke hana ta ɗaukar ciki, kuma a jinsinta ɗaukar ciki ajali ne, domin 'ya'yan suna cin jikin uwa kafin su fito. Ƙaunarsa da jahilcinsa suka haɗu suka kashe ta.

Abin lura shi ne, ba za a iya cire batun saduwa daga wannan labari ya tsaya ba, haka kuma ba za a iya cire ilimin halittar Jeannette ya tsaya ba. Sabon abun da Suvin ke magana a kai yana cikin gadon auren ne kansa. Labarin bai siffanta komai dalla-dalla ba, mai karatu na yau ma zai yi mamakin abin da ya firgita editoci a ciki. Ya taimaka wa Farmer ya sami kyautar Hugo ta sabon marubuci a 1953. A wannan shekarar kuma Theodore Sturgeon ya fitar da The World Well Lost, wanda ya taɓo soyayya tsakanin jinsi ɗaya. Daga nan ƙofar ta riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, har zuwa tarin labaran Dangerous Visions da Harlan Ellison ya shirya a 1967, da The Left Hand of Darkness na Ursula K. Le Guin a 1969. Amma abin da manyan kamfanoni suka yarda da shi tunani ne a kan jinsi da jima'i. Siffanta shi a fili kuwa ya ci gaba da zama haramtacce a wurinsu.

4.0 Essex House da Savoy: Zamanin Kotu da Ɗan Sanda

Dokar ƙasa ta sauya kafin ɗabi'ar editoci ta sauya. A Birtaniya, dokar wallafe-wallafen batsa ta 1959 ta ba da damar kare littafi da hujjar amfaninsa ga adabi ko ilimi, kuma da wannan hujja kamfanin Penguin ya yi nasara a shari'ar Lady Chatterley's Lover a 1960. A Amurka, hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli daga 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1960 sun nuna cewa rubutun da ke da wata ƙima ga al'umma ba ya shiga sahun batsa. Masu sana'ar buga batsa suka fahimci cewa ƙimar adabi ta zama garkuwa a gaban alƙali.

Wannan fahimta tana cikin abin da ya haifi Essex House a yankin Los Angeles a 1968. Reshe ne na harkar Milton Luros, wanda ya yi arziki da mujallun tsiraici, kuma aka ɗora wani matashi, Brian Kirby, a kan aikin edita. Kirby ya nemi marubuta na gaske, ya sakar musu mara. A cikin ɗan lokaci ya buga littattafan Farmer guda uku, The Image of the Beast (1968) da A Feast Unknown (1969) da Blown (1969), ya buga na mawaƙi David Meltzer, ya kuma buga Season of the Witch (1968) na Hank Stine. Wannan na ƙarshe labarin wani mutum ne da ya yi wa mace fyaɗe ya kashe ta, aka hukunta shi ta hanyar dasa hankalinsa a cikin jikinta, domin ya rayu yana ɗanɗanar abin da mata ke ɗanɗana. Ko mai sukar littafin zai yarda cewa tambayar da ya ɗauko ta fi ƙarfin kantin da aka ajiye shi.

A nan matsalar take. Littattafan Essex House sun bi hanyar rarrabawa ta uban gidansu, wato shagunan sayar da kayan batsa. Wanda ya shiga irin wannan shago ba ya neman littafin da zai tayar masa da hankali, da yawa daga cikin waɗannan littattafai kuwa masu tayar da hankali ne da gangan. Mai son ƙagaggen labarin kimiyya, wanda zai iya yaba su, ba ya shiga shagon. Kamfanin bai cika shekara uku ba ya rufe, bayan ya fitar da littattafai arba'in da 'yan kai. Kotu ba ta kashe shi ba. Littafin ne ya je inda mai karatunsa ba ya zuwa.

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Miller da jihar Kalifoniya, ta kafa ma'auni mai sharuɗɗa uku: ko matsakaicin mutum, bisa mizanin al'ummar yankinsa, zai ga aikin gaba ɗayansa yana kira ne ga sha'awa marar kyau, ko ya siffanta jima'i ta hanyar da ke da muni ƙarara kamar yadda dokar jiha ta fayyace, da ko aikin gaba ɗayansa ya rasa ƙima ta adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Sharaɗi na uku ya sa gurfanar da rubutaccen labari ya yi wuya ƙwarai, kuma tun daga lokacin shari'o'in batsa suka fi karkata ga hoto da fim. Amma sauƙin doka bai zama sauƙin bugu ba. Samuel R. Delany, wanda ya riga ya lashe manyan kyaututtukan wannan fage, ya fitar da The Tides of Lust a 1973, sai dai ɗaya littafin nasa, Hogg, da ya rubuta a wannan tsakani, ya kwana a aljihun tebur fiye da shekara ashirin, sai a 1995 wani ƙaramin kamfani ya buga shi.

A Birtaniya ɗan sanda bai janye da wuri haka ba. Kamfanin Savoy Books na birnin Manchesta, wanda David Britton da Michael Butterworth suka kafa a 1976, ya sake buga The Tides of Lust da kuma The Gas na Charles Platt a 1980. Wannan ya zo daidai da zamanin James Anderton, shugaban 'yan sandan yankin, wanda ya yi suna wajen yaƙi da duk abin da ya ɗauka fitsara ne. An yi ta kai samame shagunan kamfanin ana kwashe kaya, kuma a 1982 aka ɗaure Britton kwana 28. Ga ƙaramin kamfani, kwashe kaya ya fi ɗauri ciwo, domin jarinsa duka yana cikin kwalayen da aka tafi da su, kuma ko an wanke shi daga baya, mai maɗaba'a ba ya jiran hukuncin kotu kafin ya nemi kuɗinsa.

5.0 Circlet Press: Edita a Matsayin Mai Shata Iyaka

Kamfanin da ya fi daɗewa a wannan fage, kuma ya fi tasiri wajen ba shi siffa, shi ne Circlet Press, wanda Cecilia Tan ta kafa a yankin Boston a 1992. Ya bambanta da na baya ta fuskoki da dama. Ba reshen wata harkar batsa ba ne, mace ce ta kafa shi, kuma ya fito ne daga cikin al'ummar masoya ƙagaggen labarin kimiyya, masu tarukansu na shekara-shekara da al'adarsu ta buga 'yan mujallu da hannu. Wannan al'ada tana da tsohon tarihi na rubutun sha'awa. Tun shekarun 1970 mata masu kallon shirin Star Trek suke rubuta labaran soyayya tsakanin taurarin shirin suna rarrabawa a tsakaninsu, har Joanna Russ ta yi nazari a kan lamarin a wata maƙala ta 1985. Masu karatu suna nan, marubuta suna nan. Abin da babu shi ne mai bugawa da suna da lambar littafi.

Abin da Circlet ya fara fitarwa ɗan ƙaramin littafi ne na Tan kanta, Telepaths Don't Need Safewords. Sunan kaɗai ya isa darasi. Akwai masu wata irin mu'amala ta sha'awa da kan yi yarjejeniya a kan kalma guda, wadda idan ɗaya ya furta ta dole a dakata. Sunan littafin yana tambaya ne: idan mutane biyu suna iya karanta zuciyar juna, ina amfanin wannan kalma, kuma me yarda take nufi a tsakaninsu? Ga sabon abu na kimiyya, ga lamarin sha'awa, an ɗaure su da igiya ɗaya kamar yadda Farmer ya yi shekara arba'in kafin nan, sai dai yanzu tambayar ta koma kan amincewa da iko, ba kan haihuwa da mutuwa ba.

Wannan ɗauri ya zama mizanin edita. Labarin da za a cire masa jirgin sararin samaniya a mayar da shi ɗakin otal ba tare da ya rasa komai ba, bai cika sharaɗi ba. Wanda kuma za a yanke masa shafukan saduwa ya tafi daidai, shi ma an liƙa masa su ne kawai. A ganin wannan maƙala, babbar gudummawar ƙaramin kamfani ita ce wannan aiki na tantancewa, fiye da bugun kansa. Edita ɗaya mai ra'ayi tsayayye, da ke karanta duk abin da aka aiko, yana mayar da wasu yana karɓar wasu shekara da shekaru, shi ke koya wa marubuta abin da nau'in yake nufi. Babban kamfani ba shi da wannan haƙuri ga kasuwa ƙarama. Lokacin da Ellen Datlow ta shirya tarin labaran Alien Sex a 1990 a ƙarƙashin babban kamfani, an yaba shi, amma littafi ne jefi-jefi, ba jerin da marubuci zai dogara da shi ba.

Tarin gajerun labarai mai jigo guda shi ne ginshiƙin Circlet: wannan a kan masu shan jini, wancan a kan na'ura da jiki, wani a kan tsafi. Dalilin adabi da dalilin kasuwa sun haɗu a nan. Gajeren labari ya dace da gwada tunani ɗaya a kai shi ƙarshe kafin ya gundura. Sannan ana biyan marubucinsa kuɗi kaɗan sau ɗaya, kuma marubuta goma a littafi ɗaya na nufin mutum goma da za su tallata shi. Da yawansu sun yi amfani da sunan aro, wasu saboda wurin aiki, wasu saboda iyali, wasu saboda suna da wani suna a fagen littattafan yara ko na manyan kamfanoni da ba sa so ya gurɓata. Wannan ya bar wa mai tarihin adabi wahala, domin ba kullum ake sanin ko suna uku mutum uku ne ba. Akwai kuma waɗanda suka sa sunansu na gaskiya, kamar Francesca Lia Block, wadda ta shahara da littattafan matasa, ta kuma ba Circlet littafinta Nymph a 2000.

5.1 Lissafin Kwabo da Kwantai

Domin a fahimci raunin irin wannan kamfani, ya kamata a bi kuɗin littafi guda. A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa farashin bango dala 15 ne. Kantin littattafai da babban ɗan sari sukan ɗauki kusan rabi, saura dala 7 da rabi. Kamfanin rarrabawa, wanda ke ajiye kaya ya kai su kantuna ya karɓo kuɗi, yakan cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rage. Daga ɗan abin da ya saura za a biya maɗaba'a, a biya mai zanen bango, a ba marubuci kasonsa. Bugun kwafi kaɗan kuwa ya fi tsada a kan kowane kwafi.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da al'adar mayar da kwantai. A kasuwar littattafan Amurka, kanti yana da damar mayar da duk abin da bai sayar ba a biya shi kuɗinsa. Saboda haka littafin da aka ce an saya a watan Janairu yana iya dawowa a watan Yuni da lanƙwasasshen bango, kuma mai rarrabawa yakan riƙe wani kaso na kuɗin mai bugawa saboda tsammanin haka. Ma'ana, ƙaramin kamfani yana ba manyan kantuna bashi ne ba tare da ruwa ba. Idan mai rarrabawa ya karye, kuɗi da kaya duka sukan maƙale. Haka ta faru ga ƙananan kamfanoni da yawa lokacin da LPC Group ya karye a 2002, ta sake faruwa a ƙarshen 2006 lokacin da uwar kamfanin Publishers Group West ta faɗi.

Littafin kimiyya mai jigon sha'awa yana da ƙarin nauyi a kan wannan: a wane kanta za a jera shi? A sashen labaran kimiyya iyaye za su yi ƙorafi, domin yara na zuwa wurin. A sashen sha'awa, idan ma kantin yana da shi, matsalar Essex House ce za ta dawo. Abin da ya riƙe irin su Circlet a shekarun 1990 shi ne tebur a tarukan masoya, da oda ta gidan waya, da ƙananan kantuna masu zaman kansu, musamman na ƙungiyoyin mata da na 'yan tsirarun jinsi. Da manyan kantuna masu rassa da kuma Amazon suka cinye waɗannan ƙananan kantuna, sai hanyar ta ƙara tsukewa. Manazarcin da ya san muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano zai ga wani abu da ya saba gani a nan: an zubar da tawada mai yawa a kan tarbiyya da ingancin rubutu, alhali abin da ke yanke wa littafi hukuncin rayuwa ko mutuwa sau da yawa yana hannun ɗan kasuwar da ke karɓar kaya bashi.

6.0 Littafin Na'ura da Sababbin Masu Tsaron Ƙofa

Littafin na'ura ya zo kamar maganin duk waɗannan cututtuka. Babu kuɗin maɗaba'a, babu sito, babu kwantai, kuma mai saye ba ya haɗa ido da mai kanti. Labaran sha'awa suna cikin na farko da suka ci moriyar wannan. Kamfanin Ellora's Cave, wanda Tina Engler ta kafa a 2000, ya fara ne da littattafanta da ta rubuta da sunan Jaid Black, ciki har da labarin soyayya da ke faruwa a wata duniya, ya kuma bunƙasa tun kafin manyan kamfanoni su farga. Amazon ya fitar da na'urar Kindle a 2007, kuma daga 2010 ya fara ba mai buga littafinsa da kansa kashi 70 cikin ɗari idan farashin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99. Circlet ma ya karkata ga littafin na'ura a ƙarshen shekarun 2000.

Sai dai ƙofar da ta buɗe tana da masu gadi da ba a zaɓe su ba, ba a kuma ɗaukaka ƙara a gabansu. A watan Fabrairu na 2012 kamfanin biyan kuɗi na PayPal ya umarci Smashwords, wani babban mai rarraba littattafan na'ura, da ya cire labaran sha'awa masu ɗauke da fyaɗe ko saduwa tsakanin muharramai ko da dabba, in ba haka ba a rufe masa asusu. Rubutun ƙirƙira a kan waɗannan batutuwa, komai muninsu, ba laifi ba ne kai tsaye a dokar Amurka. Ga marubucin labarin kimiyya kuwa umarnin ya haifar da tambayar da ba ta da amsa: baƙuwar halitta mai hankali da magana, dabba ce ko mutum? Mai rikiɗa fa? Jeannette ta Farmer, wadda ƙwaro ce a asali, a wane sahu za ta faɗa? Ƙa'idar da aka tsara domin duniyar yau da kullum ba ta san yadda za ta yi da nau'in adabin da aikinsa shi ne rushe iyakar mutum da wanda ba mutum ba. Bayan ƙorafi daga marubuta da ƙungiyoyin kare 'yancin faɗin albarkacin baki, PayPal ya sassauta a watan Maris. A watan Oktoba na 2013 kuma, bayan rahotannin jaridun Birtaniya, kamfanin WHSmith ya rufe shafinsa na intanet baki ɗaya na ɗan lokaci, Kobo kuma ya janye littattafan masu buga na kansu daga kantinsa na Birtaniya, masu laifi da marasa laifi, har da waɗanda ba su da alaƙa da sha'awa ko kaɗan.

Akwai wata hanyar da ta fi waɗannan shiru. Kantin intanet yana iya barin littafi a rumbunsa amma ya ɓoye shi daga sakamakon bincike saboda bangonsa ko wata kalma a bayaninsa. Ba a hana shi ba, ba a ƙone shi ba, amma ba mai ganin sa sai wanda ya riga ya san sunansa. Britton ya san wanda ya kama shi, ya san dokar da aka tuhume shi da ita, ya tsaya gaban alƙali. Marubucin yau sau da yawa ciniki ne kawai zai ga ya tsaya.

Sauƙin buga littafi da kai ya kuma ci ƙananan kamfanonin ta wata fuska. Marubuciyar da za ta iya karɓar kashi 70 kai tsaye tana da dalilin tambayar abin da kamfani zai ƙara mata. Ellora's Cave ya rufe a 2016 bayan doguwar taƙaddama da marubuta a kan biyan kuɗi. A ƙarshen wannan shekarar kantin All Romance eBooks ya rufe ba zato, ya yi wa masu bin sa bashi tayin kashi 10 cikin ɗari na haƙƙinsu. Samhain ya bi sahu a 2017. Circlet ya tsira da sunansa, amma a 2020 ya koma reshe a ƙarƙashin Riverdale Avenue Books.

A daidai wannan lokaci nau'in kansa ya sami kasuwar da bai taɓa samu ba. Ruby Dixon, wanda shi ma sunan aro ne, ta buga Ice Planet Barbarians da kanta a 2015, labarin wasu mata 'yan Adam da aka sace suka faɗa wata duniyar ƙanƙara a cikin baƙin halittu masu shuɗin jiki. A 2021 masu karatu suka yayata shi a TikTok har ya hau saman jerin cinikin Amazon, sai Berkley, reshen Penguin Random House, ya karɓe shi ya buga a takarda kafin shekarar ta ƙare. Littafin ya fi kusa da labarin soyayya mai tabbataccen kyakkyawan ƙarshe bisa ga gwaje-gwajen Stine ko Delany ko Tan, kuma wata halitta da ake dasa wa taurarinsa a ƙirji ita ke zaɓa musu abokin zama, wanda hakan ya mayar da tambayar yarda gefe maimakon ya tsananta ta. Babban kamfanin bai karanta rubutun hannu ya yi kasada ba. Ya jira alƙaluman ciniki suka fito, sannan ya aiko da takardar yarjejeniya.